Hoton Anini da Kobo Mai Huda

Yau muna Tofa, inda in an buɗe tsohuwar adakar kaka akan ci karo da anini, da kobo mai huda, da sisi, da sule, kuɗin da aka kashe kafin zuwan naira a 1973. Samari kan ɗauki hotonsu da waya don nuna wa 'yan'uwa, sai hoton ya fito fari fat, ba rubutu ba shekara.

Akan ɗora wa waya laifi, alhali haske ne. Zanen jikin tsaba tudu ne da kwari, kaurinsa bai kai na farce ba, kuma inuwa ce ke fito da shi. Fitilar waya kuwa gaba da gaba take dukan ƙarfen, ta shanye inuwar. Don haka a kashe ta.

Manomi ya riga kowa sanin wannan: kunyoyin gona sun fi fitowa da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da rana ta kwanta gefe. To, a shimfiɗa baƙin ƙyalle a bakin ƙofar zaure, a ɗora kobon, haske ya shigo ta gefe guda, ƙasa-ƙasa. A riƙa juya shi a hankali har tauraro mai tsini shida da ke jikinsa ya tashi. A kifa shi, rubutun Larabcin da Turawan mulki suka sa a jiki ya karantu. Idan ɗaya gefen ya yi duhu, a jingina farar takarda ta mayar da hasken. Wayar kuma a ɗora ta bisa bulo, don hannu rawa yake.

Tsaba mai ƙyalli, irin kobo 25 mai dalar gyada, ita ba ta son haske tsirara. A rataya farin mayafi tsakaninta da rana, hasken ya yi laushi.

Sai roƙo guda, iyayenmu mata: kada a dirje tsoffin kuɗin nan da toka ko lemon tsami. Dauɗar da ta kwanta cikin kwarin zanen tana taimaka wa rubutun ya fito a hoto, kuma masu tara tsoffin kuɗi sukan karya farashin wanda aka goge.