Gwiwa da ƙwaƙwalwa a idon maganaɗisu: me Zazzau za ta samu?

A masallatan unguwannin da ke kewaye da Ƙofar Kibo, kamar sauran masallatan birnin Zariya, da wuya a rasa kujerar roba ɗaya ko biyu a gefen sahu. Ta dattawa ce waɗanda gwiwa ta hana sujada. Ka tambayi ɗayansu, zai ce maka sanyi ne, ko shekaru. An yi ƙaho, an shafa man zafi, an sha saiwoyi, an yi ta sayen maganin ciwon jiki a kemis har ya fara taɓa ciki. Ranar da 'ya'ya suka matsa aka ɗauki hoton ƙashi, sai likita ya nuna inda ƙasusuwa biyu suka kusa haɗuwa, ya ce guringuntsi ya cinye.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci ya san guringuntsi, farin abin nan mai santsi da ke lulluɓe kan ƙashi a gaɓa. A gwiwar mutum kaurinsa milimita 2 zuwa 4 ne. Kashi 65 zuwa 80 cikin ɗari nasa ruwa ne, sauran kuwa zaruruwan kolajin ne da wasu sinadarai masu riƙe ruwan kamar soso. In ka taka ya lotsa, in ka ɗaga ƙafa ya dawo. Jini ba ya shigarsa, don haka in ya lalace ba ya warkewa yadda fata ke yi. Ba shi da jijiyar jin zafi, don haka sai ya yi shekaru yana zaizayewa mai shi bai sani ba. Hoton ƙashi kuma ba ya nuna shi sam. Giɓin da ke tsakanin ƙasusuwa kawai likita ke dubawa, kuma kafin giɓin ya tsuke ɓarna ta yi nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ke da wannan ciwo na gaɓoɓi, miliyan 365 daga ciki a gwiwa.

A nan ne na'urar MRI ta shigo. Ba ta aiki da irin hasken hoton ƙashi. Babban maganaɗisu ne da ke jera ƙwayoyin haidirojin na ruwan jikin mutum su fuskanci waje guda. Sai a turo musu igiyar rediyo ta karkatar da su, a ɗauke, su kuma yayin komawa mazauninsu su saki wata 'yar siginar da kwamfuta ke mayarwa hoto. Ruwan ƙwaƙwalwa da na tsoka da na guringuntsi kowanne da saurin komawarsa, bambancin nan ne ke fitar da hoton. Paul Lauterbur ya wallafa dabarar a 1973, shi da Peter Mansfield suka sami lambar Nobel a kanta a 2003. Ana auna ƙarfin maganaɗisun da tesla; na'ura mai tesla 1.5 ta ninka maganaɗisun ƙasa kusan sau 30,000. Shi ya sa a bakin ƙofa ake cewa Hajiya ta cire ɗankunne da awarwaro da fil ɗin gyale, a tambaye ta ko an taɓa sa mata ƙarfe a jiki, wani lokaci har kwalli a ce ta wanke in kai za a ɗauka. Sannan a toshe mata kunne, a tura ta cikin rami mai ƙwanƙwasa da ƙarfi, a roƙe ta kada ta motsa na kusan rabin awa.

Abin da masu bincike suka sa a gaba yanzu ya wuce ganin siffa, sinadarin da ke ciki suke son aunawa. A Jami'ar Fensilbeniya da ke Amurka, Farfesa Ravinder Reddy da abokan aikinsa sun daɗe suna gyara wata dabara da ake kira T1rho, da wata mai bin sawun sodiyam, don gano raguwar sinadaran nan masu riƙe ruwa tun guringuntsi na nan da kaurinsa. Gaskiya dai har yau babu maganin da ke tsirar da sabon guringuntsi. Amfanin sani da wuri shi ne a rage ƙiba, a ƙarfafa tsokar cinya, kuma masu gwada sabon magani su ga ko yana aiki ba tare da jiran shekaru ba. Babban binciken gwiwa da Amurka ta fara a 2004 ya bi mutum 4,796 da na'ura mai tesla 3. Dukansu mazauna can ne, masu zama a kujera. Gwiwar da ta shekara hamsin tana zaman tabarma, tana durƙuson daka, tana bin kunya da fartanya, tana buƙatar nata ma'aunin.

Ɗakin binciken Reddy ya juya ga ƙwaƙwalwa ma. A 2012 suka fitar da GluCEST, hanyar zana taswirar gulutamet, sinadarin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke zaburar da juna da shi. Wannan ya shafi farfaɗiya, cutar da a wajenmu ake jingina wa iska, har yaro ya faɗi mutane su dare don tsoron yawunsa, alhali ba a ɗaukarta ta yawu. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ita magani ba ya riƙe su, kuma tiyata na iya taimakon wasu in an gano daidai inda take tasowa, amma a da yawansu hoton MRI na yau da kullum ba ya nuna komai. A 2015 aka gwada GluCEST a kan irin waɗannan marasa lafiya huɗu da na'ura mai tesla 7, ta nuna ɓarin da ciwon yake a dukansu. Mutum huɗu ba su isa a kafa hukunci ba, amma ƙofa ta buɗe. A 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na'ura mai tesla 7 a asibiti, kuma ga kai da gwiwa ta fara amincewa. A 2024 Faransa ta nuna hotunan ƙwaƙwalwar mutum daga na'ura mai tesla 11.7.

To mu fa? Binciken da Farfesa Godwin Ogbole na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya ƙirga na'urori 84 a Afirka ta Yamma, 58 a Nijeriya, kuma 45 daga cikin na Nijeriyar masu ƙaramin ƙarfi ne. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika sun yi shekaru suna aiki da mai tesla 0.2. Manyan na'urori na buƙatar ruwan hiliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri, da wutar da ba ta yankewa, da injiniya a kusa. Wanda ya taso daga cikin ganuwa, ya ratsa Tudun Wada da Kwangila da Samaru ya kai Shika da mara lafiya, na'ura mai aiki yake so ya tarar, da kuɗin da zai iya biya.

Amma ban yarda cewa ƙaramin maganaɗisu uzurin zama ba bincike ba ne. A Blantyre ta Malawi, da na'ura mai tesla 0.35, Dokta Karl Seydel da Dokta Terrie Taylor suka duba yara 168 da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa. Sakamakon da suka wallafa a 2015 ya nuna kashi 84 cikin ɗari na waɗanda suka rasu ƙwaƙwalwarsu ta kumbura matuƙa, a cikin waɗanda suka rayu kuwa kashi 27 ne. Tambayar da ta daɗe tana damun likitoci, ta me ke kashe yaran, a ƙaramar na'ura aka samo amsarta.

Irin wannan tambaya muna da ita a gida. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen haihuwar yara masu sikila, kimanin 150,000 a shekara. Kusan ɗaya cikin uku na irin waɗannan yara kan gamu da toshewar jini a ƙwaƙwalwa wadda ba ta shanye hannu ko ƙafa. Sai dai a ga yaro ya koma baya a karatu, a ce wasa ya sa a gaba, a kai masa bulala. MRI ce ke nuna wannan tabon. Tun 2020 akwai na'urar Swoop ta kamfanin Hyperfine, mai tesla 0.064, wadda ake turawa a kan taya har gadon mara lafiya, a jona ta a soket na bango, ba ruwanta da hiliyam. Kai kawai take ɗauka, hotonta bai kai na manya kyau ba, ƙananan tabo na iya kuɓuce mata, amma tana nuna kumburi da taruwar ruwa da babbar toshewa, kuma Malawi ta riga ta fara aiki da ita. Zariya tana da masana fiziks da injiniyoyi a Samaru, da likitocin hoto a Shika. Ni a ganina, Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, inda mutanen cikin birni ke fara kai yaro in ya sanƙare da zazzaɓi, can ya kamata a fara ajiye na'urar Swoop.