Hoto Ya Ɗauke? A Sauko Daga Kan Kwano

Da zarar hadari ya haɗo daga gabas a damina, hoton talabijin ya fara tsinkewa, akwai abin da ake yawan gani a unguwannin Ungogo irin su Rijiyar Zaki da Bachirawa da Panisau: saurayi ya ɗora tsani ya haye rufin kwano, na cikin ɗaki na ƙwala masa kira, "Juya shi hagu! Ya dawo! A'a, ya tafi!" A gidajen kallon ƙwallo abin ya fi muni, domin 'yan kallo sun biya kuɗinsu, mai gida kuma ba ya son rigima, sai ya tura yaron shago sama ana walƙiya.

Wannan ganganci ne, kuma wahalar banza ce. Dish ɗin lafiyarsa ƙalau.

Tauraron ɗan'adam ɗin da ke aiko da hoton yana sama da nisan kilomita kusan 35,786, daidai saitin tsakiyar duniya. Yana kammala zagaye ɗaya a daidai lokacin da duniya ke juyawa sau ɗaya, shi ya sa ga wanda yake ƙasa kamar a tsaye yake cak. Saboda haka ne mai saiti yake ɗaure dish sau ɗaya ya tafi. Gocewa kaɗan, ko da faɗin yatsa, takan isa a rasa tasha. Abin da ke ɗauke hoto a damina ruwan da ke cikin gajimare ne, yana shanye siginar da ƙananan dish ke kamawa. Hadari na wucewa hoto ke dawowa da kansa, sai fa in wani gwani ya riga ya murɗe ƙarfen. A nan dole a nemo mai saiti a biya shi, kuɗin da zaman minti ashirin zai hana a kashe.

Asarar kuɗin ma da sauƙi. Rufin kwano jiƙaƙƙe santsi gare shi, ƙarfe a saman gida ba wurin tsayawa ba ne ana tsawa, kuma a sababbin unguwannin Ungogo wayoyin lantarki sukan ratsa dab da rufi. Magidancin da ya tura ɗansa can don kada fim ya wuce shi, me zai gaya wa uwar yaron?

Haka kuma a watan Maris, da wajejen ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, rana kan biyo ta bayan tauraron ta dushe siginar na 'yan mintoci a 'yan kwanaki. Shi ma haƙuri ne maganinsa.

Gaskiya ne tauraro yana mutuwa. Nijeriya ta ɗanɗana. Kamfanin China Great Wall ya ƙera mata NigComSat-1 don ya yi shekara 15, aka harba shi daga Xichang a watan Mayun 2007, amma a Nuwamban 2008 fikafikansa masu tara hasken rana suka gaza, ya mutu yana da wata 18. A Disamban 2011 aka harba madadinsa, NigComSat-1R, shi ma da wa'adin shekara 15. Mafi yawan taurarin ɗan'adam man da suke gyara zamansu da shi ne yake ƙarewa, sai a ƙara ɗaga su kilomita kusan 300 sama da inda suke a kashe, tashoshi su koma wani. Irin wannan sauyi tashoshi kan sanar da shi tun da wuri, kuma aikin mai saiti ne mai na'urar auna sigina.

Idan hoto ya ɗauke, a fara leƙa maƙwabta. In nasu ma babu, matsalar daga sama take. In ana tsawa, a zare soket da wayar dish daga dikoda. In gari ya washe hoto bai dawo ba, a duba ko ruwa ya shiga mahaɗar wayar, ko reshen darbejiya ya tare gaban dish ɗin. Matan gida kuma su daina ɗaure igiyar shanya a jikin ƙarfensa.