IN TARAKTA TA ƘI TASHI, KADA KA YI GAGGAWAR SAYEN BATIR

Manoma 'yan'uwa, ga bazara ta kawo jiki, hadari ya fara haɗuwa a gabas. A ƙasar Birnin Kudu da Gwaram yanzu ne ake jawo tsofaffin taraktoci daga inda suka yi rani, a murɗa makulli, a ji shiru. Yawancinsu Massey Ferguson ne, har da samfurin 135 wanda aka ƙera a Ingila. Injinsu yana da ƙarƙo, amma wayoyinsu sun tsufa.

Bara na iske wani manomi kusa da Gwaram ya je har Kano ya sayo sabon batir, ya ɗaura, tarakta ba ta ko motsa ba. Da muka duba, ashe tsatsa ce ta ci bakin wayar da ke haɗa batir da jikin ƙarfen tarakta. Muka kankare, muka ɗaure, nan take ta tashi. Amma ruwan shuka ya riga ya wuce shi da kwanaki, ga mutanen da suka ba shi kuɗin huɗa suna ta sintiri a ƙofar gidansa.

To, ga yadda ya kamata a bi, daga mai araha zuwa mai tsada.

Da fari, duba giya. Ita 135 ba ta tashi sai ƙaramin sandan giya yana tsakiya, watau a firi, domin akwai makunnin tsaro a wurin. In ya lalace, ko batir sabo ne shiru za ka ji.

Na biyu, kunna fitilu, kana ka murɗa makulli. In suka dushe sarai, ko dai batir ya yi sanyi ko kawunansa sun yi datti. In ba su rage haske ba, laifin yana ga makulli, ko makunnin nan, ko kik ɗin kansa.

Na uku, kawunan batir. Farin garin nan da ke taruwa a kansu yana hana wuta wucewa. Fara kwance wayar da ke zuwa jikin ƙarfe, ka wanke da ruwan zafi da 'yar kanwa, amma kada ya shiga cikin batir. Ka goge da samfefa, ka ɗaure tam, ka shafa giris. Kada a sha taba a wurin, gama iskar da batir ke fitarwa tana kama wuta.

Na huɗu, bi wayoyi da hannu ɗaya bayan ɗaya, domin ɓera yakan ci su da rani. In fis ya ƙone, a sa irinsa. Masu cusa guntun waya a madadinsa suna gayyato gobara ne.

Na biyar, awo. Ari mita wurin mai gyaran waya. Cikakken batir yakan nuna bolt 12.6. In ana murɗa makulli ya faɗi ƙasa da 9.6, ko ya yi sanyi ko ya mutu. A yi masa caji a sake gwadawa. In inji yana aiki, lalle ya nuna kusan 14. In bai kai ba, duba fambel ko ya saki, kana dainamo. Mai zargin batir alhali dainamo ne ba ya caji, sabon ma zai kashe.

Ruwan batir kuwa ya rufe farantan ciki. In ya ragu, ƙara tataccen ruwa na batir, ban da na rijiya.

Rigakafi ya fi magani. In an gama kaka, cire batir ka ajiye a inuwa, kana yi masa caji wata wata. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.