Sabon aiki, tsohon alkawari: yaushe ya kamata a yi magana?

Samun aikin albashi ya yi wuya a ƙasarmu, shi ya sa wanda Allah ya ba yakan kama bakinsa don kada ya ɓata lamarin. Amma da yawa daga cikin sabbin ma'aikata sukan shiga biro da wani alkawari rataye a wuyansu: an sa ranar aure, an biya kujerar Makka, ko kuma gonar gida tana jiran girbi. Ɓoye irin wannan alkawari yakan jawo hasarar da ta fi wadda ake gudu.

Bari in fara da kaina, tunda abin ya taɓa cin ni. Shekaru bakwai da suka wuce, bayan na yi shekara biyu ina yawo da takardu daga wannan biro zuwa wancan, wani kamfani mai zaman kansa a Yamai ya ɗauke ni aiki. A lokacin manya sun riga sun sa ranar ɗaurin aurena a Damagaram, an raba goro, saura mako biyar. Ranar da zan sa hannu a kan kontara, shugaban da ke kula da ma'aikata ya dube ni ya ce: "Samari, akwai wani abin da kake son ka sanar da mu?" Na sunkuyar da kai na ce: "Babu, ranka ya daɗe."

A mako na huɗu na kai masa takardar neman izinin kwana goma. Ya karanta, ya ajiye, ya tambaye ni yaushe aka sa ranar. Na ce wata huɗu ke nan. Ya ce: "Ashe ranar da muka zauna da kai ka san da ita." Kwana huɗu ya ba ni, ba tare da albashi ba. Tsakanin Yamai da Damagaram kusan kilomita 900 ne, saboda haka hanya ta cinye biyu. Na isa gida daren jajibiri, na baro amarya ana cikin buki. Da na komo sai na tarar an tsawaita mini lokacin gwaji. Kuɗin kwana huɗu ba su dame ni ba; abin da ya daɗe yana ci mini rai shi ne, kusan shekara guda, duk maganar da na faɗa wa mutumin nan sai ya sake bincika ta.

Abin da doka ta tanada

Kuskuren farko da mutane ke yi shi ne zaton cewa da an ɗauke su aiki suna da haƙƙin konje. Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta ba ma'aikaci kwana biyu da rabi na hutu mai albashi a kan kowane watan da ya yi yana aiki, wato kwana 30 a shekara. Sai dai ana tara su ne sannu a hankali, kuma ba a samun damar cin su sai bayan an cika wata 12. Wanda ya yi wata biyu a biro, kwana biyar kacal ya tara, su ma lokacin taɓa su bai yi ba.

Akwai kuma izini na musamman saboda al'amuran da suka shafi iyalin ma'aikaci kai tsaye, kamar aurensa, ko haihuwa a gidansa, ko rasuwa. Doka ta ce ba a cire irin wannan izini daga cikin konje matuƙar bai wuce kwana 10 ba. Amma a lura: kwanaki kaɗan ne ake ba kowane al'amari, kuma bukin aboki ko rakiyar maigida zuwa Kano ba su cikin lissafi.

Abu na uku shi ne lokacin gwaji. A cikinsa kowane ɓangare na iya raba gari da ɗan'uwansa ba tare da dogon gargaɗi ba. Ma'aikacin gwamnati shi ma yakan yi shekara guda ta gwaji kafin a tabbatar da shi. Ashe kuwa watannin da sabon ma'aikaci yake son ya yi tafiya su ne watannin da kujerarsa ta fi kowane lokaci rawa. Wanda kuma ya tafi ba da izini ba, yana cewa zai ba da haƙuri in ya komo, ya sani ana iya ɗaukar wannan a matsayin watsi da aiki, laifin da ke kai mutum ga kora.

Hutun haihuwa dabam yake. Mako 14 ne doka ta ba mace, haƙƙinta ne, ba alfarma ake yi mata ba, kuma ba a korar ta saboda shi. Duk da haka sanar da shugabanni da wuri yakan ba su damar shirya wanda zai riƙe mata aikin.

Tun ran gini, ran zane

To, yaushe ya dace a buɗe baki? Ba a ranar farko ta ganawa ba, lokacin da mutum hamsin ke jere a ƙofa kuma ba a ma san sunanka ba. Ba kuma bayan ka fara aiki ba. Lokacin yana tsakani: ranar da aka ce "kai muka zaɓa", kafin alƙalami ya taɓa takarda. A wannan rana kaɗai ce ƙarfinka da na mai ɗaukar ka suka kusa daidaita. Ya gama tantance mutane, ya gaji, ya tsaya a kanka. Da wuya ya sake komawa farko saboda kwana goma. Bayan sa hannu kuwa, kai ne mai roƙo.

Yadda ake faɗi ma yana da muhimmanci. Kada a ce "wataƙila zan ɗan yi tafiya nan gaba". A faɗi ranar tashi da ranar komowa, a haɗa da kwanakin hanya, don mai aiki a Yamai da zai je Tawa ko Maraɗi ya san wuni guda na mota ne zuwa, wuni guda dawowa. Sa'an nan a zo da shawara a hannu, kada a bar wa shugaba shi kaɗai wahalar neman mafita. Hanyoyi uku ne aka saba bi: a ɗage ranar fara aiki har bayan tafiyar, ko a ba da izini ba tare da albashi ba, ko a ranta wa ma'aikaci kwanakin daga konjensa na gaba. In tafiyar ta kusa, hanya ta farko ta fi sauƙi ga kowa.

Aikin Hajji shi ne misali mafi nauyi. Maniyyaci yakan zuba kuɗinsa watanni kafin tashi, ta hannun kamfanonin jigilar alhazai da hukumar COHO ke sa wa ido, kuma tafiyar takan ɗauki wajen wata guda. Ranar tashin jirgi ba a hannunsa take ba, ta komowa ma takan motsa. Ga shi kuma kowace shekara lokacin Hajji yana matsowa da kwana 10 ko 11 a kalandar nasara, don haka kada a ɗauka shugaba ya san da shi. Mai irin wannan niyya ya faɗi tun farko, ya nemi a bar masa ƴan kwanakin rara a gaba da baya.

Daga ƙarshe, a rubuta. Layi biyu sun isa, a cikin kontara ko a wata takarda dabam mai kwanan wata da sa hannu. Shugaban da ya ce maka "ba komai" yau ana iya canza masa wurin aiki gobe, wanda ya gaje shi kuwa takarda kaɗai ya sani. Ko a gaban sufeton ƙwadago, in rigima ta kai can, takardar ce za ta yi magana.

Kira ga iyayen gida

Laifin ba na ma'aikata ba ne su kaɗai. Ɗan kasuwar da ya ɗauki sabon yaron shago ko direba a watan Afrilu a Maraɗi, ya san sarai cewa da ruwan farko ya sauka a watan Yuni hankalin yaron zai koma gona, haka kuma a watan Oktoba lokacin girbin hatsi. Kunya da tsoro ba za su bar yaron ya faɗi ba. Ranar da zai tafi, sai ya ce an aiko kakarsa ba lafiya. Da Alhaji ya tambaye shi tun ranar farko, "Yaro, wa ke yi muku noma a gida?", da sun shirya kwanakin tare, da shago bai zauna ba kowa ranar kasuwa ba.

Shugaban biro shi ma ya gane cewa wanda ya zo ya faɗi gaskiya kafin sa hannu ya nuna masa halin da ake nema ga ma'aikaci. In aka hukunta shi saboda ya yi magana, na bayansa za su koyi yin shiru, sai a wayi gari ana ta karɓar takardun likita na ciwon da babu shi.

Gaskiya ne, ana iya samun uban gidan da zai ce "ko aiki ko tafiya". Wannan haɗari ne na gaske, kuma mai iyali da ya daɗe yana zaman jira shi ya san nauyinsa. Amma gara mutum ya ji wannan amsa tun yana da zaɓi: ya roƙi manya su matsa ranar buki, ko ya nemi wanda zai tsaya masa a gona, ko ya haƙura da aikin. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni na ɓoye nawa, kuma na ga abin da ya biyo baya.