Hukuncin Wanda Ya Yi Tuƙi Bai San An Dakatar da Lasinsa Ba

1. Gabatarwa

Daga cikin ƙa'idodin da masana shari'a suka fi riƙo da su akwai guda biyu waɗanda sau da yawa akan rikita su. Ta farko ita ce rashin sanin doka ba uzuri ba ne. Ta biyu kuwa ita ce ba a hukunta mutum sai in ya aikata laifi da niyya, ko kuwa da sanin abin da yake yi. Wanda ya ce bai san doka ta hana tuƙi ba tare da lasin ba, babu kotun da za ta saurare shi. To, amma yaya matsayin wanda ya san dokar sarai, sai dai bai san cewa shi kansa an dakatar da lasinsa ba? Wannan ita ce tambayar da za a duba a nan, bisa ga dokar Ingila, sa'an nan a gwada ta da ta Amurka da ta Kanada.

2. Yadda abin kan faru

Mai karatu zai iya tambaya, ta yaya za a hana mutum tuƙi bai sani ba? Ga misali. Ɗalibi ne a Ingila, ya tashi daga wani gida ya koma wani, bai sanar da hukumar ba da lasin ba, watau DVLA da ke Suwansi. Na'urar ɗaukar hoto ta kama motarsa tana gudun da ya wuce ƙa'ida. Aka aika da takarda zuwa tsohon gidan ana neman ya faɗi wanda ke tuƙi a ranar. Ba ta same shi ba, saboda haka bai amsa ba. Rashin amsawar kuwa laifi ne mai zaman kansa a ƙarƙashin sashe na 172 na Dokar Zirga-zirgar Hanya ta 1988, hukuncinsa maki 6 a kan lasin. In haka ta faru sau biyu, maki 12 ke nan, wanda kuwa ya tara maki 12 cikin shekara 3, bisa al'ada akan hana shi tuƙi na wata 6.

Gaskiya ne Dokar Kotunan Majistare ta 1980 ta ce kada a hana mutum tuƙi a bayan idonsa sai an ɗage zama an sanar da shi dalili. Amma ita ma wannan sanarwa tsohon gidan za ta tafi. Ranar da ɗan sanda ya tsai da shi a hanya, ran nan ne zai fara jin labari.

3. Matsayin dokar Ingila

Kotunan Ingila sun daɗe da yarda cewa asalin kowane laifi yana buƙatar niyya. An ƙarfafa wannan a 1969 cikin shari'ar Sweet da Parsley, inda Majalisar Dattawan Ingila, wadda a lokacin ita ce kotu mafi girma, ta wanke wata malamar makaranta da 'yan hayar gidanta suka sha wiwi ba da saninta ba. Duk da haka akwai wasu laifuffuka da aka keɓe, waɗanda aikata su kawai ya isa, ko da niyya ko babu. Tuƙi bayan kotu ta hana, wanda sashe na 103 na dokar 1988 ya haramta, yana cikinsu.

Shari'u uku ne suka kafa wannan. A 1952, cikin shari'ar Taylor da Kenyon, aka yanke cewa mai gabatar da ƙara ba ya buƙatar tabbatar da cewa direba ya san an hana shi. A 1973, cikin shari'ar Bowsher, direba ya ce ya ɗauka wa'adinsa ya ƙare domin an mayar masa da lasinsa, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce wannan ba kariya ba ce. A 1975 kuma, cikin shari'ar Miller, aka ƙi uzurin wanda ya ce ya zaci wurin da ya yi tuƙin ba hanyar jama'a ba ce. Abu biyu kaɗai ake nema: an hana shi, ya kuma yi tuƙi a kan hanya.

Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce, abin da ke cikin zuciyar mutum yana da wuyar tabbatarwa. In aka buɗe ƙofar "ban sani ba", kowane direba zai bi ta nan, hanin kotu ya zama wasa, alhali kuwa rayukan masu bin hanya ake karewa.

4. Abin da kan biyo baya

A Ingila da Wales hukuncin wannan laifi yana iya kai ɗaurin wata 6, da tarar da tun 2015 ba ta da iyaka, da ƙarin wa'adin hani ko maki 6. Ba a nan abin ya tsaya ba. Takardun inshora galibi ba su rufe wanda aka hana tuƙi, saboda haka akan haɗa masa da laifi na biyu, watau tuƙi ba inshora, mai maki 6 zuwa 8, 'yan sanda kuma suna da ikon kama motar. In ya yi haɗari, akan biya wanda aka ji wa rauni, amma wanda ya biya yana iya komowa kan direba ya nemi kuɗinsa. In kuwa tuƙin nasa ya jawo mutuwar wani, hukuncin na iya kai shekara 10 tun 2015.

Sai dai rashin sani, ko da yake ba ya wanke mutum, yana da amfani wajen sassauci. Alƙali yana iya rage hukunci ƙwarai, har ma ya sallami mutum ba tare da horo ba, in ya gamsu da gaskiyarsa. Har ila yau sashe na 14 na dokar 1980 ya ba wanda aka yi wa shari'a bai sani ba damar yin rantsuwa a rubuce cikin kwana 21 daga ranar da ya sami labari. In ya yi, hukuncin farko ya rushe, a sake shari'ar daga tushe. Amma lalle ne ya ajiye mota daga lokacin da ya ji, domin hanin yana nan da ƙarfinsa har ranar da aka soke shi.

5. Amurka da Kanada

A Amurka kowace jiha da dokarta, amma akwai tushe guda. A 1971, cikin shari'ar Bell da Burson, wani limamin Kirista a Jojiya ya ƙalubalanci dokar da ta ba da damar dakatar da lasinsa bayan haɗari ba tare da an duba ko shi ke da laifi ba. Kotun Ƙoli ta ce lasin abin dogaro ne wajen neman abinci, ba a karɓe shi sai an sanar da mai shi an kuma ba shi damar kare kansa. Jihohi da dama sun sa sani ya zama sharaɗin laifin. A Kalifoniya ana ɗauka direba ya sani muddin hukuma ta aika masa da sanarwa ta gidan waya, sai ya kawo hujjar akasin haka. A Fulorida kuwa an raba abin gida biyu: wanda bai sani ba tara kawai zai biya kamar sauran ƙananan laifuffukan hanya, wanda ya sani shi ne ke fuskantar ɗauri.

Kanada ta fi kowa fitowa fili. Lardin Birtish Kolombiya ya yi dokar da ta wajabta ɗaurin aƙalla kwana 7 a kan wanda ya yi tuƙi da lasin da aka dakatar, ko ya sani ko bai sani ba. A 1985 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce wannan ya saɓa wa sashe na 7 na kundin 'yancin ɗan ƙasa, domin ba adalci ba ne a ɗaure wanda bai yi ganganci ko sakaci ba.

6. Kammalawa

Ƙasashen nan uku duka suna auna abu biyu ne, watau tsaron lafiyar jama'a da adalci ga mutum guda. Ingila ta fifita na farko wajen tabbatar da laifi, ta bar na biyu ga alƙali wajen yanke hukunci. Kanada ta ce in dai akwai ɗauri, dole a saurari uzuri. Ɗalibin shari'a a Nijeriya ba baƙo ba ne ga wannan muhawara, domin sashe na 45 na kundin laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, shi ma ya bambanta kuskure game da abin da ya faru da kuskure game da doka.

Ga wanda karatu ko aiki ya kai shi waɗannan ƙasashe, darasin a fili yake. Doka tana ɗauka mutum yana zaune ne a adireshin da ya bayar, rashin gyara shi kuwa a Ingila laifi ne mai tarar da ta kai fam 1,000. Ya kamata ya sanar da hukuma duk lokacin da ya sauya gida, ga lasin da takardar mota duka, ya riƙa duba matsayin lasinsa a shafin hukumar na intanet, ya kuma nemi lauya nan da nan in ya ji an yi masa shari'a a bayan ido. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, a wannan fage kuwa duhun na iya kai mutum gidan yari.