Tsofaffin gangunan bature: Dukiyar da fiyano ya jefa a lungu

Duk matashin da ya tashi da waƙoƙin finafinan Hausa zai iya rantsuwa cewa kiɗa daga cikin fiyano kaɗai yake fitowa. Ba laifinsa ba ne. Tun bayan da fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya ya fito a 1999 ya girgiza kasuwa, fiyanon Yamaha ya zama sarki a situdiyo. Yatsa ɗaya ya ishe shi ya fitar da ganga, kalangu da sarewa.

To amma kafin fiyano akwai masu buga ganga da hannu da ƙafa. A Sabon Gari, otal-otal da majami'u sun daɗe da ƙungiyoyin makaɗa masu saitin gangunan bature: babbar ganga da ake takawa da ƙafa, ƙarama mai zaren ƙarfe a gindi, 'yan matsakaita, da faya-fayan tagulla. Da zamani ya juya, irin waɗannan kaya da yawa sun koma sito da bayan shago suna shan ƙura. Wani lokacin sai furodusa ya aro saiti don kawai a jera a bayan jarumi a ɗauki rawa da waƙa, a gama a watsar. Wasu kuma 'yan gwangwan ne ke saye, su auna ƙarfen a kilo. Rashin sani, wai kaza ta kwana a kan dami.

Abin da ya sa maganar ta zama abin dubawa shi ne a Turai da Amurka tsohuwar ganga kuɗi ce. A 2015 an yi gwanjon saitin Ludwig na Ringo Starr, makaɗin ƙungiyar Beatles ta Ingila, a kan sama da dala miliyan 2. Gaskiya sunan mai ita ne ya ja wannan farashi, don haka kada wani ɗan Fagge ya fara lissafin sayen gida. Amma ko gangar da ba ta da wani mashahuri a tarihinta tana iya fin kuɗin kilo nesa ba kusa ba.

Ta yaya ake gane ta? Farko a duba ɗan tambarin ƙarfe da ke manne a jikinta. Ludwig na Amurka ya faro a 1909, Premier na Ingila a 1922, Pearl na Japan a 1946, shi kuwa Yamaha sai a 1967 ya shiga ƙera ganguna. Kamfanoni suna canza siffar tambari lokaci zuwa lokaci, shi ya sa tambarin kan nuna zamanin. Misali, Ludwig mai tambarin shuɗi da kore ta wajajen shekarun 1970 ce. A rubuta lambar da ke kan tambarin, sannan a cire fata a leƙa ciki da tocila, domin wasu akwai hatimin ranar da aka ƙera su.

Sai girma. Tsofaffin Premier na kafin ƙarshen shekarun 1960 wasunsu ba su zo daidai da awon yanzu ba, fatar kanti ba ta hawa. Wannan alama ce ta tsufa, amma kuma wahala ce ga mai son bugawa. Fatar kanta ba hujja ba ce, tunda ana canza ta. Ta roba ma sai a 1957 ta fara yaɗuwa, kafin nan fatar maraƙi ake ɗaurawa.

Faya-fayan tagullar nan kuwa su ne aka fi yin asara a kansu. Idan an ga hatimin Zildjian, gidan da asalinsa ya faro a Istanbul tun 1623, to a riƙe da kyau. Faifai ɗaya mara tsaga yana iya fin sauran saitin daraja.

Lafiyar kayan ita ke yanke farashi. A duba ko iskar hunturu ta tsaga katakon, ko damina ta kumbura shi, ko gara ta shiga. A duba ko wani ya huda sabon rami don ɗaura ƙarfen da ba nata ba. Babban kuskure shi ne a kai wa mai fenti ya feshe ta don ta yi kyau a kyamara, ko a goge faifai da takardar yashi har hatimin ya ɓace. Masu saye sun fi son ta da tsufanta. Haka kuma saitin da duk gangunansa 'yan gida ɗaya ne ya fi wanda aka haɗa daga nan da can.

Kafin a yi ciniki, a ɗauki hoton tambari, lamba da cikin gangar, a bincika a intanet nawa aka sayar da irinta, ba nawa mai ita ya sa ba. A tambayi tsofaffin makaɗan Sabon Gari, su ne suka san wadda ta yi aiki a wace ƙungiya.

Ko da ba a sayar ba, akwai riba. Mawaƙin fim da ya gaji da sautin da kowa ke amfani da shi, ga ganga ta gaske a unguwarsu tana jiran mai bugawa. Da tsohuwar zuma ake magani.