Allon Gyaran Hoto: Wanne Ya Kamata Ɗan Makaranta Ya Saya?

Cikin 'yan kwalejin nan tamu akwai mutane da dama da su ke gyaran hoto a kwamfuta. Waɗansu don su sami na sabulu su ke yi, su gyara hotunan biki da na suna da na bikin gama makaranta. Waɗansu kuwa kayan koyarwa su ke shiryawa don lokacin da za mu fita gwajin koyarwa. Akwai kuma mai tsohon hoton kakansa wanda gara ta ci gefe guda, yana so ya raya shi. Da ya ke na yi fiye da shekara ina aiki da allon nan mai alƙalami, abokaina su kan tsai da ni su tambaye ni ko ya kamata su ma su saya, in kuwa za su saya, wane iri. Kuɗin ɗan makaranta ba shi da yawa, mai kanti kuma ba ya son a komo masa da kaya. Saboda haka na ga gara in rubuta amsar a nan, kowa ya karanta tun kuɗinsa na aljihu.

Da fari bari mu san ko mene ne abin. Allo ne shimfiɗaɗɗe na roba, kaurinsa bai kai na littafin rubutu ba, a kan haɗa shi da kwamfuta da wayar USB. Yana da alƙalami nasa wanda ba shi da tawada. Ka yi zane a kan allo, zanen ya fito a fuskar kwamfuta. Bambancinsa da linzamin kwamfuta iri biyu ne. Na ɗaya, kowane wuri a kan allo yana da takwaransa a fuskar kwamfuta. In ka sa bakin alƙalami a kusurwar hagu ta sama, kibiya za ta yi tsalle ta sauka a kusurwar hagu ta sama, ba sai ka yi ta jan ta kamar yadda a ke yi da linzami ba. Na biyu, alƙalamin ya san nauyin hannunka. Ka danna a hankali, layi ya fito siriri ko dishi-dishi. Ka danna da ƙarfi, ya fito da kauri. Linzami bai san wannan ba, gama shi abu biyu kaɗai ya sani, ko an danna ko ba a danna ba.

Mutane su kan yi mamaki da su ka ga alƙalamin ba batir, ba waya, amma yana aiki. Ga asirin. A ƙarƙashin fuskar allon akwai siraran wayoyi a jere, waɗansu a tsaye waɗansu a kwance, kamar saƙar taru. Allo ya kan tura ƙarfin maganaɗisu ta cikinsu, sa'an nan ya yi shiru yana saurare, ya sake turawa, ya sake saurare, sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Cikin alƙalami akwai 'yar waya a naɗe wadda ta ke karɓar wannan ƙarfi ta mayar wa allo. Ta wurin wayoyin da su ka fi jin amsar allo ya ke gane inda alƙalami ya ke, ko da bai taɓa shi ba, muddin tsakaninsu bai wuce kamar santimita 1 ba. Kamfanin Wacom na ƙasar Japan, wanda aka kafa a 1983, shi ya yi suna da wannan dabara, ya kuma daɗe yana riƙe da kasuwa. Daga baya Huion, wanda aka kafa a birnin Shenzhen na ƙasar Sin a 2011, da XP-Pen su ka fito da nasu masu araha.

Kada wani ya ce gyaran hoto da alƙalami baƙon abu ne da kwamfuta ta kawo. Masu ɗaukar hoto na dā su kan zauna da fensir mai tsini su gyara fuskar mutum a jikin gilashin hoto tun ba a wanke shi a takarda ba. A ɗakin wankin hoto kuma su kan kare haske da hannu daga wurin da su ke so ya yi fari, su ƙara wa wurin da su ke so ya yi duhu. A ƙasarmu ma Solomon Alonge, mai ɗaukar hoton fadar Benin, wanda ya buɗe shagonsa a 1942, da hannu ya ke sa wa hotuna launi. Hotonsa na Sarkin Benin Akenzua na Biyu yana gaisawa da Sarauniya Elizabeth a 1956 haka aka yi shi. Aikin nan nasu shi ne har wa yau mu ke yi, kayan aiki ne kaɗai su ka sake.

To, ba kowa ne ya ke bukatar allon ba, wannan kuwa mai kanti ba zai gaya maka ba. In aikinka bai wuce ka yanke gefen hoto, ka ƙara masa haske, ka rubuta suna a ƙasa ba, riƙe kuɗinka, linzami ya ishe ka. Inda alƙalami ya ke nuna kansa shi ne aikin da a ke bi sannu a hankali: ka cire mutum daga bayan da ya tsaya ka bi gefen ɗankwalinsa ko gashinsa, ka share tabo da ƙura ɗaya bayan ɗaya, ka cike wurin da tsohon hoto ya yage, ka haskaka fuskar da inuwar hula ta rufe ba tare da ka ƙone farar riga ba. Wannan na ƙarshe ya shafe mu ƙwarai. Mutum baƙi cikin fararen kaya da tsakar rana, sau da yawa ko dai rigar ta fito fuskar ta ɓace, ko fuskar ta fito rigar ta zama fari fat ba aiki ba ado. Da alƙalami za ka iya shafa wa fuskar haske kaɗan kaɗan, kamar mai shafa mai, har kamannin mutum su fito. Na ce kamanninsa su fito, ban ce a mai da shi wani mutum dabam ba. Na ga hotunan biki da aka goge amarya har uwarta ba za ta shaida ta ba, wannan kuwa ba laifin allo ba ne.

Yanzu sai batun girma, wanda a ganina ya fi kome muhimmanci, shi ne kuma inda mutane su ka fi ɓarnar kuɗi. Mu mun saba da cewa babba ya fi ƙarami. A nan ba haka ba ne. Abin dubawa shi ne filin da alƙalami ya ke aiki a kai, ba girman allon duka ba. Ƙaramin Wacom Intuos filinsa milimita 152 ne da 95, matsakaicin kuwa 216 da 135. Bari mu yi ɗan lissafi. Fuskar kwamfutar tafi-da-gidanka mai inci 14, irin wadda yawancinmu mu ke da ita, faɗinta kamar santimita 31 ne. In ka haɗa ta da ƙaramin allo, hannunka ya matsa santimita 1, kibiya ta matsa 2. Wannan daidai ne, hannu zai iya sarrafa shi. Amma in fuskar babba ce mai inci 27, faɗinta ya kusa santimita 60, watau hannu ya matsa 1 kibiya ta matsa kusan 4, ƙaramar rawar hannu sai ta zama babbar karkata. A nan matsakaicin allo ya fi. Babban allo kuwa na masu zane ne, waɗanda su ke jan dogon layi tun daga kafaɗa. Mai gyaran hoto da wuyan hannu da yatsu ya ke aiki, ya kan kuma kusanto da hoton ya girmama wurin da ya ke gyarawa. Ba shi babban allo, kafin azahar kafaɗarsa ta gaji, teburin ɗakin kwananmu ma ba zai ɗauki allon da kwamfutar tare ba.

Akwai wani ɗan abu da ya ke rikita sabon shiga. Siffar filin allo da ta fuskar kwamfuta ba kullum su ke zama ɗaya ba, sai ka zana da'ira ta fito kamar ƙwai. Ba lalacewa allon ya yi ba. Cikin manhajar da ta ke tafiyar da shi akwai wurin da za ka ce a daidaita su, da ka taɓa shi an gama.

A jikin kwali za ka ga an rubuta lamba da manyan baƙaƙe: 2048, ko 4096, ko 8192, a 2023 ma XP-Pen ya fito da alƙalami mai 16384. Wannan shi ne yawan matakan nauyin hannu da alƙalamin ya ke iya rarrabewa. Mai kanti zai nuna maka babbar lamba ya ƙara kuɗi. Amma ka tuna, a hoto na yau da kullum kowane launi, ja ko kore ko shuɗi, matakai 256 kaɗai gare shi daga duhu zuwa haske. Wane hannu ne kuma zai rarrabe danni dubu takwas? Ni dai na gwada mai 2048 da mai 8192 a kan hoto ɗaya, ban ga abin da ɗaya ya yi wanda ɗayan ya kasa ba. Abin da ya fi lambar nan amfani shi ne ko alƙalamin yana amsawa in ka taɓa allo da sauƙi ƙwarai. Wani sai ka ɗan danna kafin ya fara zane, irin wannan kuwa ya kan wahalar da mai haskaka fuska. Haka kuma batun karkata alƙalami, da a ke cewa yana gane kwanciyarsa har digiri 60: mai zanen da ya ke kwaikwayon fensir ya kan more shi, mai gyaran hoto da wuya ya tuna da shi.

Sai kuma allon da ya ke da fuska tasa, wanda ka ke ganin hoton a ƙarƙashin alƙalaminka. Wacom ya fara sayar da irinsa mai suna Cintiq a 2001, yanzu sauran kamfanoni ma suna yi. Gaskiya yana da daɗin aiki, ba sai ka koyi duban wuri guda hannunka na wani wuri ba. Duk da haka ba na ba ɗan makaranta shawarar ya fara da shi. Kuɗinsa ya ninka na maras fuska. Yana shan wuta, da yawansu kuma sai an ba su mahaɗin HDMI ko USB-C mai fid da hoto, wanda ba kowace tsohuwar kwamfuta ta ke da shi ba. Allo maras fuska kuwa daga batirin kwamfutarka ya ke ɗan tsotsa, in an ɗauke wuta ka ci gaba da aikinka. Bayan wannan, in fuskar mai araha ce tana iya nuna launi ba daidai ba, ka gyara hoto ya yi maka kyau, a buga shi a takarda ya fito dabam. Hannunka ma ya kan rufe wurin da ka ke so ka gani.

Maɓallan da ke gefen allo da guda biyun da ke jikin alƙalami suna da amfani, ka sa ɗaya ya zama na janye kuskure. Mai Bluetooth ya fi tsada, batir ne kuma za ka ƙara wa kanka na caji. Waya ta isa.

Kafin ka biya, bincika ko allon zai yi aiki da kwamfutarka. Kowane allo yana da manhajar da a ke saukowa da ita daga intanet, in babu ita alƙalami ba zai ji nauyin hannu sosai ba. Sababbin alluna ba lalle su yarda da tsohuwar Windows 7 ba, wadda Microsoft ya daina kula da ita tun 2020. In ka taɓa sa manhajar wani kamfani, cire ta tukuna, gama biyu a kwamfuta ɗaya su kan yi faɗa. Game da manhajar gyaran hoton kanta, Photoshop, wadda ta fito a 1990, tun 2013 haya a ke biya wata wata ko shekara shekara, ba a sayenta gaba ɗaya. GIMP da Krita kyauta ne, dukansu kuma suna jin nauyin alƙalami. Da GIMP na ke yawancin aikina.

Wanda zai sayi na hannu, ko a kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Ikko ko a wurin wani ɗalibi, ya lura da alƙalami fiye da allon. Alƙalamin wani kamfani ba ya aiki a allon wani, kai, ko a kamfani ɗaya ma ba kowane alƙalami ya ke shiga kowane allo ba. Allon da alƙalaminsa ya ɓace faranti ne kawai, kuɗin sabon alƙalami kuma ya kan cinye rangwamen da ka samu. Waɗansu tsofaffin alƙaluma na kamfanonin Sin da batir su ke aiki ko caji, ka tambaya. Je da kwamfutarka, a haɗa a gabanka. Kai alƙalami kusurwa huɗu ka ga ko kibiya ta bi. Ɗora rula a karkace ka ja layi a hankali, in ya fito yana lanƙwasa kamar tafiyar maciji, bar shi. Ja wani layin daga taɓawa mai sauƙi zuwa danni mai ƙarfi, ya kamata kaurinsa ya ƙaru sannu sannu ba tsalle. Girgiza wayar kaɗan a bakin mahaɗi, gama nan ne su kan fara mutuwa.

Bakin alƙalami na roba ne, yana cinyewa. Sabon allo ya kan zo da 'yan canji, a Intuos ma cikin gindin alƙalamin a ke ɓoye su. In bakin ya yi gefe guda ya yi kaifi, sake shi kafin ya karce allon. Lokacin hunturu ka riƙa share ƙura da tsumma mai laushi kafin ka fara, don ƙura tsakanin baki da allo kamar yashi ta ke ci.

Kwanakin farko za ka ji hannunka kamar ba naka ba, ka nufi nan kibiya ta tafi can. Kowa haka ya fara. Ajiye allon sosai a gabanka, ya yi daidai da fuskar kwamfuta, kada ya karkace. Sa linzami cikin akwati, ka yi kome da alƙalami, har buɗe wasiƙa. Kowace rana ɗauki hoto guda ka bi gefen fuska da na hannu, kamar yadda mu ke sa yara 'yan aji ɗaya su bi baƙaƙe a kan ɗigo-ɗigo. Ni cikin mako guda hannuna ya saba, wani abokina ya kai mako biyu.